Shekarar da Na Ce Kada Su Taho

Ku 'ya'yan Issufu, na ji abin da ake gaya muku can Abijan. Wai kakanku mutum ne mai taurin kai, ya kori 'ya'yansa maza daga gida, ɗaya ya mutu a daji, ɗaya ya ƙi dawowa. Taurin kai kam ina da shi, kakarku Rabi ta sha faɗa tun ina da baƙin gashi, ban kuma taɓa yi mata musu ba. Amma kora, ban kori kowa ba. Tun da sauran numfashina bari in shimfiɗa muku yadda abin ya kasance, don ku da kuka girma a bakin teku ba ku san abin da ake nufi da rumbu ba, balle ku san nauyin buɗe shi.

Ƙauyenmu na ƙasar Tajaye, tsakanin wani tudu mai jan dutse da kori, wato hanyar ruwa da ke bushewa da rani. Gandu muka gada: gona ɗaya, babban rumbu ɗaya, uba da 'ya'yansa maza. In an gama girbi an zuba dammunan hatsi, sai maigida ya sa a ɗora wa rumbun murfi a liƙe bakin da laka. Daga ranar ba mai taɓa shi. Mata da yara da tsofaffi su lallaɓa da abin da ke ƙananan rumbuna, majiya ƙarfi kuwa kowa ya rataya jakarsa ya tafi cin rani. Ba yawon banza ba ne, kawar da baki ne daga hatsi, don ranar da aka duƙa noma a samu furar da za a kai gona. Dawowar kuma ba ta da kalanda. Akwai tsamiya a tsakar gidanmu, kowace shekara in zafi ya kai maƙura shamuwa kan sauka a kanta ta shiga jan ƙirare tana gyara sheƙa. Baƙar tsuntsuwa ce mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu, ba a jifarta, ba a cinta, domin gaban ruwa take zuwa. Ranar da ta sauka maigida zai aika wa mazan gidan cewa su taho. Zamanin babana direbobin kamyo, manyan motocin kaya, ake ba saƙon a tashar Ƙonni, a zamanina salula ta zo. Amma kalmar ba ta sake ba, kuma ba a taɓa jin ɗan da ya ji ta ya kwana biyu bai kama hanya ba.

Maza biyu Allah ya bar mana, ubanku da ƙanensa Sale. Issufu mai shiru ne tun yana ƙarami, in ka tambaye shi lafiya sai ya yi tunani kafin ya amsa. Sale kuwa bakinsa ba ya hutawa, ko jakin gida ba ya tsira daga tsokanarsa. Shuka a wurinmu aikin mutum biyu ne. Na gaba yana riƙe da sungumi, wata fartanya mai dogon ƙota, yana tafe yana saran ƙasa. Na baya yana ɗauke da ƙwaryar iri, yana jefawa a rami yana rufewa da diddige. Issufu ke sara, Sale na biye da shi yana zuba masa surutu a ƙeya, wai ramukan yayansa sun karkace kamar haƙoran tsohuwa. Ni da Rabi muna layin gefe, ina sara tana rufewa. In na tuna gidana yana cike, wannan safiyar nake gani, ƙasa da danshi, ƙamshinta na tashi, muryar Sale na cika gona.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. Shamuwa ta ci gaba da zuwa a kan lokacinta, ruwa ne ya daina bin bayanta. Shekarar da ta gabaci wadda zan ba ku labari, na kira su kamar kullum, suka bar ayyukansu suka zo. Aka yi ruwa ɗaya mai kyau, muka shuka, hatsi ya tsiro, sai sama ta bushe ƙarau. Muna kallo tsiron ya nannaɗe ya ƙone. Muka sake shuka, iska ta binne shi da rairayi. Muka kuma sakewa da irin aro. Duk tsawon wannan jira rumbu a buɗe yake, ƙarti biyu na zaune ba aikin yi, kuma ciki ba ya jiran hadari. Muka fita roƙon ruwa har goshinmu ya yi kanta. Da ruwan ya ga dama ya zo, a yini ɗaya ya zubo abin da ya kamata ya raba a wata guda. Kori ya cika ya yi ambaliya, ya yanke mana gonar gangare, wadda ita ce mai albarkar, ya bar rami da tsakuwa. Abin da muka girbe a shekarar bai kai wuyan rumbu ba, bai ma kai ƙugunsa ba.

Bayan girbin nan ne mutanen buro, wato ma'aikatan ofisoshin gwamnati, suka zo daga babban birni, cikin manyan motoci farare masu baƙin gilashi. Maigari ya sa aka share ƙarƙashin itacen bedi, muka shimfiɗa musu tabarmi, su kuma suka fito da kujerunsu. Wani saurayi mai tabarau, mai ladabi ba laifi, ya yi mana bayani da Hausa mai gardi. Ya ce abin da ke damunmu sunansa sauyin yanayi. Ya ce hayaƙin masana'antu da motoci da jiragen manyan ƙasashe ne ya taru a sama ya ɗumama duniya, shi ya rikita damana. Mutanen can suna saye suna zubarwa, suna sake saye, mu kuma abin na sauka a kanmu. Na saurare shi har ƙarshe, sannan na ɗaga hannu, don ni ba na iya haɗiye magana.

"Yaro, na ji. Ni dai ko babur ban taɓa mallaka ba, hayaƙina bai wuce na murhun Rabi ba. To tunda an san masu laifin, wa za mu kai wa ƙara?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce manya na zama a kai a ƙasashen waje. Ya ce kafin nan gwamnati za ta kawo duwatsu da waya a ɗaure bakin kori, za a kuma kawo iri mai saurin nuna kafin shuka. Suka kai mu bakin korin suka ɗauke mu hoto, suka shiga motocinsu da injin bai ko mutu ba tun zuwansu, don sanyin ciki kada ya gudu. Abin da suka bar mana robobin ruwan da suka sha ne, mata suka tsince suna zuba mai. Duwatsun har yau da nake wannan magana ban gan su ba. Irin kuwa ya zo, ban ce bai zo ba, amma lokacin hatsin mutane ya riga ya fid da kai. Kowace shekara rediyo na faɗin cewa manyan sun sake zama, an yi jawabi, an tafa, an sa ranar wani zaman.

Maganar saurayin nan ta zauna mini a rai saboda Issufu. Cin raninsa a tashar jiragen ruwan Abijan yake yi, yana dakon buhunan koko. Wata shekara ya taɓa kawo mana tsarabar wani abu a takarda mai ƙyalli, ya ce sunansa shokola, da kokon ake yin sa. Kafin ya iso gida zafi ya narkar da shi, sai lasar takardar muka yi. Ya ce shi ma ranar ya fara ɗanɗanawa, duk da shekarun da buhunan suka yi suna goge masa kafaɗa. Sai na zauna ina lissafi a zuci: ruwa ya ƙi, ɗana ya tafi cika cikin jirgi don wasu su ji zaƙi a baki, jirgin ya tashi yana hayaƙi, hayaƙin ya ƙara kore mana ruwa. Wallahi abin ya fi ƙarfin kaina. Sale shi kuma a ranin nan bai bi yayansa ba. Ya ji samarin ƙauyen Dogarawa na zancen ramukan zinariya can yamma, ƙetaren kogi, ya ce zai gwada sa'arsa, ko ya samo abin aure.

To ga shekarar. Zafi ya yi zafi, wata safiya na fito daga masallaci na ji motsi a kan tsamiya, na ɗaga kai, ga shamuwa tsaye da ƙirare a baki. Rabi ta riga ni gani. Kafin hantsi ta share ɗakin Sale, ta shanya tabarmarsa, ta sa uwarku Hasiya, wadda lokacin kuna ƙanana kuna gidan tare da ita, ta jiƙa dawa. Tana aiki tana 'yar waƙarta a ciki-ciki, abin da na daɗe ban ji ba. Ni kuwa na jingina tsani na hau rumbu, na fasa lakar, na ɗaga murfin na leƙa. Na san abin da zan gani, tunda ni na zuba, amma mutum kan yi fatan ido ya ƙaryata shi. Dammunan na can ƙasa, sai na zura rabin jikina kafin hannuna ya taɓa su. In mu tsofaffi biyu ne da Hasiya da ku, za mu ja har sabon hatsi, da ƙyar. In an ƙara ƙarti biyu masu noma, kuma ruwa ya yi mana irin ta bara, kafin hatsi ya yi kara za mu share gindin rumbu, kuma babu mai aiko da ko kwano ɗaya daga waje tunda masu aikowar na zaune a gida. Na daɗe a kan tsanin nan har Rabi ta tambaya ko maciji na gani.

Ban yi shawara da ita ba, don na san in ta dube ni ba zan iya ba. Na ɗauki salula na hau tudu, gindin wani gawo inda rezo, wato layin waya, ke kamawa. Issufu na fara kira. Na gaya masa yadda rumbu yake, na ce bana ya zauna inda yake ya riƙa aiko da abin da ya samu. Ya ce to. Sale kuwa kafin in gama sallama ya tare ni.

"Baba, ta zo?"

"Ta zo."

"Alhamdu lillahi. Gobe in Allah ya so ina hanya. A ce wa Inna ta tanadi yaji."

"Ka zo ka yi mi, Sale? Ka zo mu zauna muna kallon sama muna cin iri? Bana kada ka taho."

Ya ɗauka wasa nake, ya yi dariya. Da ya gane da gaske ne sai muryarsa ta sauka. Ya ce duk mai gona a cikinsu haɗa kaya yake, ramin ba ya son damana, ƙasar takan yi laushi. Na ce to ya bar ramin ya biɗi wani aikin a gari, ko dako ko tura kura, har kaka. Ya ce a wurin babu gari, rami ne kawai da rumfuna, kuma kowa na cewa sun kusa cim ma jijiyar zinariyar. Ya tambayi wanda zai bi ni da iri. Na ce uwarsa na nan. Ya ce, cikin tsokanar nan tasa da ba ya bari ko ransa a ɓace, in ramukana suka karkace kada in ce bai faɗa ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe mai tsawo. Sauran duk gaisuwa ce, rezo na yankewa.

Da na sauko na gaya wa Rabi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta je ta naɗe tabarmar da ta shanya, ta mayar ɗaki, ta ja ƙyauren. Sai da ta dawo ta zauna bakin murhu ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa ganin tsuntsuwar nan an yi shiru ba."

Na ce tun da aka kafa gidan ba a taɓa ganin irin wannan sama ba. Daga nan ba mu ƙara tayar da zancen ba. Mutanen gari kam sun yi ta yi da ni. A majalisa wani ya ce na mai da 'ya'yana saniyar tatsa, wani ya ce na raina rahamar Allah. Waɗanda suka faɗi haka, kafin shekaru kaɗan da yawansu sun yi abin da na yi, sai dai su ba a sa musu suna ba tunda ba su ne na farko ba.

Ruwa ya sauka, muka fita mu biyu. Ina sara tana rufewa, gonar ta yi mana faɗi, ba ka jin komai sai saran sungumi da numfashinmu. Rabin gonar tudu muka iya, sauran muka bar wa ciyawa. Damanar ta zo yadda na ji tsoro, ruwa yau, babu na tsawon lokaci, hatsi na ɗagowa yana kwantawa. Muna cikin noma na biyu, ana fama da wani dogon fari, mun yi roƙon ruwa har mun gaji, sai ga wani mutumin Dogarawa a kan babur da la'asar. Bai shiga gida ba, gona ya biyo ni, ya tsaya daga nesa ya cire hularsa. Ɗansa ne ya kira shi daga can. Ya ce an kwana ana ruwa a wurin ramukan zinariyar kamar da bakin ƙwarya, da safe masu ramin suka ce a shiga, ramin ya rufta da waɗanda ke ƙasa. Sale na cikinsu. An yi ta tono da hannu da shebur, ruwa na cika wurin, daga baya aka haƙura aka yi musu salla a bakin ramin.

Ruwan da muke roƙo a nan, can ya je ya sauka. Na zauna a kan kunyar gona tsakanin hatsin da ke ƙishi, na kasa ko salati sai da mutumin ya fara. Ban ga gawar ɗana ba, ban san inda zan nuna in ce nan yake ba. Babu wani na buro da ya zo ya ce mana sannu, ban ma san ko an rubuta sunansa a wani wuri ba. Zinariyar da suka riga suka fitar kuwa ta tafi inda take tafiya. An ce har a cikin salula ana sa ta. Wani lokaci nakan juya tawa a hannu in yi ta kallo.

Yanzu ku saurara, don nan ne ake karkatar muku da labari. Na yi kukan Sale, ina kuma yi har gobe, ba na jin kunyar faɗa. Amma hatsin rumbun nan ya kai mu kaka da ƙyar, da taimakon abin da ubanku ke aikowa, kuma ku da kuke jin wannan da shi kuka rayu. A gidajen da aka kira kowa, na ga yaran da aka kai likita a shekarar wuyansu kamar zare, wasu ba a dawo da su ba. An ba ni zaɓi tsakanin abu biyu da babu na ɗauka a ciki, kuma ba ni na haɗa zaɓin ba. Da an ɗaure kori, da gonar gangare na nan. Da irin ya zo kan lokaci, da rumbun ya fi haka. Da masu hayaƙin sun ji tsoron Allah, da shamuwa ba ta zama maƙaryaciya ba. Duk waɗannan ba mai kiran sunansu, sai ni da na hau tsani na leƙa.

Bayan girbi Issufu ya zo ta'aziyya, ya kwashe ku da uwarku ya tafi. Ban hana ba, da wane bakin zan hana. Gidan ya rage ni da Rabi da tsamiya. Ba ta taɓa ce mini kai ne ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai dai duk shekara in shamuwa ta sauka takan share ɗakin Sale, ta shanya tabarmar, da yamma ta naɗe. Ta bi ni da ƙwaryar iri wasu damanu, tana tafe tana hutawa, har shekarar da zafin bazara ya kwantar da tsofaffin garin nan da yawa, ita ma ya tafi da ita. Ana gobe za ta cika ta ce in riƙa rufe ramin da kyau, wai diddigena ba ya dannawa, tsuntsaye na tonewa.

Mutanen buro sun sake zuwa bayan rasuwarta, sababbin fuskoki, sababbin motoci, bayanin dai shi ne. Wata yarinya a cikinsu ta roƙe ni in tsaya bakin kori a ɗauke ni hoto, tunda ni ne tsoho. Korin yanzu ya ci har inda muka tsaya a hoton farko. Na ce ta ɗauki ramin shi kaɗai, ya fi ni iya bayani, na juya na tafi gida.

Bana shamuwa ta sake zuwa. Na fito da safe na gan ta, sai na ji gidan ya yi mini shirun da ban taɓa ji ba. Ƙarfina ya ƙare, idona ya rage, kuma gaskiya kewa ce ta ci ni, ba wani lissafin rumbu. Na lallaɓa na hau tudu, ina hutawa a hanya, na kira ubanku. Na ce masa shamuwa ta zo. Ya ce madalla, Allah ya ba da damana mai albarka. Sai na faɗi kalmar da na riƙe a bakina tun waccan shekarar. Na ce, ka taho. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Da ya yi magana babu fushi a muryarsa, babu gori, a hankali ya faɗa, yadda ake yi wa mara lafiya.

"Baba, in zo in yi mi?"

Tambayar tasa tana kan hanya. Na ce ya gaishe ku.

Ruwan farko ya sauka bayan 'yan kwanaki. Na ɗauki sungumi da ƙwaryar iri na fita bayan gida, inda ƙarfina zai iya. Nakan ajiye ƙwaryar a bakin gona in sare layi har ƙarshe, in jingina sungumin, in dawo da ƙafa in ɗauki ƙwaryar, in bi ramukan ina zubawa ina rufewa. Da na waiwaya na duba layin farko, ramukan duk sun karkace, kuma babu wanda zai faɗa mini.